Anti, in ce wa su Abba an sa mana tes don in zauna a makaranta?

Wata ɗaliba ce ta turo min wannan, na ɗan rage tsawonsa, kuma na cire sunanta da na makarantarsu da na garinsu kamar yadda ta roƙa.

"Assalamu alaikum Anti. Dan Allah ki ba ni shawara kaina ya kulle. Ina aji uku a jami'a. Tun muna aji biyu muka haɗa wata 'yar ƙungiya mu wajen ashirin, duk azumi muna dama kunu mu soya ƙosai mu dafa shinkafa mu kai wa masu jinya a asibitin koyarwa da ke kusa da mu, da Sallah kuma mu kai kaya gidan marayu. Ni nake riƙe da kuɗin, akawun ɗina ake turowa, ni ce cefane ni ce girki ni ce bin mutane. Toh bana za a ba da hutu daga goman ƙarshe har bayan Sallah kuma za a rufe hostal. Ni so nake in zauna gidan su ƙawata a cikin gari in ƙarasa aikin, amma Abba sun ce karatu suka turo ni ba rabon kunu ba, ranar da aka ba da hutu su gan ni a gida. Ummanmu kuma tana da hawan jini, ni ce babbar mace. Abin da ban faɗa musu ba shi ne, a tsakiyar aji biyu CGPA ɗina (matsakaicin makin karatuna gaba ɗaya) 3.8 ne, yanzu bayan simesta biyu ya dawo 3.2, ga keri-oba, wato kwas ɗin da zan maimaita, guda biyu. Ƙawayena sun ce kawai in ce an sa mana tes da firaktikal. Anti in na tafi wallahi aikin nan rushewa zai yi, akwai mutanen da kullum mu suke jira. Ya zan yi?"

Wa alaikumus salam 'yata. Kar ki yi ƙaryar nan. Da ita na fara saboda a duk abubuwan da kika lissafa ita kaɗai ce in kin aikata gyaranta zai yi wuya, sauran duk suna da magani kuma za mu zo kansu.

Ki duba yadda abin zai kasance. An rufe hostal, makaranta ta san kin tafi gida, gida kuma sun san kina makaranta, ke kuma kina wani gida na uku a cikin gari kina hawa adaidaita da kuloli kullum dab da magariba, lokacin da kowa yake gudun ya isa gida ya sha ruwa kuma lokacin ne hanya ta fi haɗari. Allah ya tsare, amma in wani abu ya same ki wa za a kira, kuma me za a ce wa Abba? Ko ba abin da ya faru ma, sanarwar hutun jami'a ba sirri ba ce, a WhatsApp take yawo, kuma da wuya a ce Abba ba su da aboki ko ɗan uwa da ɗansa yake makarantarku. Gaisuwa ɗaya a ƙofar masallaci bayan tarawi, "ya yara, sun dawo hutu ko?", shi ke nan magana ta fito. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Daga ranar ba za su ƙara kallon aikinki a matsayin aikin lada ba, za su ɗauka mayafi ne kika lulluɓe wani abu da shi, duk da ni da ke mun san ba haka ba ne. Kuma ba ke kaɗai za ki biya ba, wannan shi ne ya fi damuna. Kin ce ke ce babbar mace. Yardar da uba ya yi ya ɗauki 'yarsa ya kai ta wani gari ya bar ta a hostal, ƙannenki mata da ita za su shiga jami'a, ke ce kike riƙe musu ita. Na san gidajen da yaya ta yi kuskure ɗaya aka ce sauran duk su yi makarantar cikin gari ko a yi musu aure.

Ta ɓangaren addini ma kin san hadisin, yana cikin Bukhari da Muslim. Mutum ya zo yana neman izinin fita jihadi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye shi ko iyayensa suna da rai, ya ce eh, ya ce toh a kansu za ka yi jihadinka. Jihadi fa ake magana. Ciyarwa nafila ce mai girman lada, amma ba a ɗora nafila a kan ƙarya da saɓa wa iyaye, ballantana a watan da ake ce mana wanda bai bar ƙarya ba Allah ba ya buƙatar barin cinsa da shansa.

Kar ki ɗauka na raina aikin naki fa. Ban raina ba, kuma ban ji daɗin kalmar rabon kunu ba duk da na san cikin fushi da tsoro Abba suka faɗe ta. Wanda bai taɓa kwana a barandar asibitin koyarwa ba ba zai gane ba. Marar lafiya yana da gado, amma mai jinya kwali ne ko tabarma, wani daga ƙauye mai nisa aka turo su, ya sayar da akuya ko buhun gero ya zo, kuɗin ya ƙare a gwaji da magani tun satin farko, yana azumi kuma kunya ba za ta bar shi ya roƙa ba. Lokacin da nake ɗaliba mu ma mun yi irin wannan kai abincin, kuma akwai wata tsohuwa da har yau in na ga ƙosai a leda sai na tuna ta. Jikanta take jinya. Muka ba ta kunu da ƙosai biyar, aka kira sallah ta ci biyu, ukun ta ƙulle su a bakin mayafinta ta tura ƙarƙashin tabarma. Na tsuguna na ce Iya ki ci mana akwai saura a kula. Ta ce "a'a 'yar nan, wannan na sahur ne, da dare ai ba mai zuwa." Ranar muka gane duk masu kawo abinci da magariba suke zuwa, wata rana har ya yi yawa a rasa inda za a kai shi, amma ƙarfe huɗun asuba ba kowa. Ki riƙe wannan labarin, zan dawo kansa don a cikinsa rabin mafitarki take.

Maganar da ta tsayar da ni a saƙonki ita ce "in na tafi rushewa zai yi". Na yarda da gaske kike, kuma wataƙila gaskiya ce, amma 'yata ku ashirin ne fa. Ina sauran sha tara? In mutum ɗaya ce kuɗi, ita ce cefane, ita ce girki, ita ce bin mutane a waya, toh ba ƙungiya kuke da ita ba tukuna, ke ce kike aiki sauran suna raka ki. Kuma ba lallai laifinsu ba ne. Sau da yawa mai himma ita take hana wasu koyo ba tare da ta sani ba, ta ga an yi jinkiri ta karɓe, ta ga gishiri bai ji ba ta ce a bar min, a hankali kowa ya naɗe hannu tunda an san za ki yi. Iyayenmu da suke aikin gayya ba haka suke yi ba, mai gona ya sanar, kowa ya zo da fartanyarsa ya kama kunyarsa, mata na can suna kawo fura, makaɗi na yi musu kiɗa, in ɗaya ya yi tafiya gonar ba ta kwana da ciyawa. Ki dubi MSSN, ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Najeriya, tun 1954 aka kafa ta a Legas, ɗalibai nawa suka shigo suka fita, amma tana nan a ABU da BUK da Danfodiyo da Maiduguri da ko'ina, saboda shugabanci miƙa shi ake yi, amira ta gama ta ba wata littafi ta tafi. Ke ma saura miki shekara ɗaya da 'yan watanni ki bar makarantar nan. In kwana goma sha wani abu zai rusa aikin, ranar da kika gama digiri fa? Gara ki gwada su yanzu kina da lambar wayarsu kuma za ki dawo ki ga inda ya ɓaci.

Toh ga yadda nake ganin za ki yi, kuma ki fara a satin nan ba ranar da ake ɗaure jaka ba.

Ki kira taro, ba a guruf ba, a zauna ido da ido ko a masallacin mata ko gindin bishiya bayan lakca. Ki faɗa musu kai tsaye cewa Abba sun ce ki dawo kuma za ki tafi. Ki tambaya su wa suke zaune a cikin gari, don duk ƙungiya ba ta rasa masu zuwa makaranta daga gida, su hutu bai raba su da asibitin ba. Ko su huɗu ne sun isa in an rage aikin daidai ƙarfinsu. Kuma ki duba 'yan ajinku Kirista da ba za su yi tafiya ba, su ba sa azumi, ƙarfinsu na nan da yamma lokacin da ku kuka galabaita, da yawansu za su ji daɗi a ce an neme su. In hutun Kirsimeti ya zo su ma suna da nasu ziyarce-ziyarcen asibiti da gidan marayu, sai ku rama musu. Ba sai an yi dogon jawabi kan zaman lafiya ba, ɗaukar kula ɗaya tare ya wadatar.

Girkin nan kuma a sauke shi daga kan ɗalibai. A kusa da kowane babban asibiti akwai mata masu kunu da ƙosai da wannan ce sana'arsu, ku samu ɗaya mai tsafta ku yi ciniki, a biya ta na kwana uku-uku, ita ta soya ta ƙulla, naku kawai ɗauka da rabawa. Kun taimaki mai jinya kun taimaki mai sana'a. Shinkafa da miya a zafin nan ma ina tsoronta, hukumar lafiya ta duniya cewa ta yi kar dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba a wuta ba ba a firij ba, ku kuma ku sauke tun azahar ku zuba a roba ku rufe sai magariba, a kai wa mutumin da yake kwana kusa da marar lafiya. In ya samu gudawa wa zai yi jinyar wa? Kuma ku tsaya kan masu jinya kamar yadda kuka faro, kar a miƙa wa marar lafiya komai sai an tambayi nas ɗin da ke kula da ɗakin, akwai mai ciwon suga, akwai mai ciwon ƙoda da aka hana gishiri, akwai wanda za a shiga da shi tiyata da safe an ce kar ya ci komai.

Yanzu mu koma kan tsohuwar nan. Abin sahur ba ya buƙatar wuta kuma ba ya buƙatar ki kasance a garin. Garin kwaki, suga, ƙuli-ƙuli ko gyaɗa, dabino, madarar gari ta leda, ganyen shayi, sabulu ɗaya in kuɗi ya kai. Ku zauna ku ashirin ɗin nan dare biyu kafin a rufe hostal ku ƙulla ƙunshi-ƙunshi wanda zai kai mutum kwana biyar ko sati, ku kai da kanku ranar ƙarshe, sauran ku bar wa 'yan cikin gari su kai zagaye na biyu. Ku bi ta sashen walwalar marasa lafiya na asibitin, wanda ake ce wa soshiyal welfeya, su suka san wanda aka sallama ya kasa biyan kuɗi da wanda ba mai zuwa duba shi. Kinga kina ɗakin Umma kina dama mata kunu, can kuma wani yana jiƙa garin da hannunki ya ƙulla.

Maganar kuɗi kuwa, a nan zan ɗan ɗaga murya. Ki raba akawun ɗinki da kuɗin jama'a tun yau. Ban zarge ki ba ko kaɗan, kare ki nake yi. Kuɗin sadaka da kuɗin cefanenki da wanda Abba suke turo miki duk a rami ɗaya, alat na shigowa kina cikin lakca, kin cira wajen mai POS an yanki caji ba ki rubuta ba, ƙarshen wata lissafi ya ƙi fita, kuma na tabbata ke kike cikawa daga aljihunki ba tare da kowa ya sani ba. Wata rana mutum ɗaya zai ce "wai ina kuɗin da yayana ya turo?", a guruf, gaban kowa. Na ga yarinya mai amana da irin wannan tambayar ta sa ta daina fita daga ɗaki kusan simesta guda, ba ta ci ko sisi ba, rubutu ne kawai ba ta yi. Ki sayi littafi, shafi ɗaya abin da ya shigo da sunan wanda ya turo da rana, ɗaya shafin abin da ya fita da rasit ko sa hannun wanda ya karɓa, duk dare a ɗauki hoton shafin a tura guruf. Ki nemi sitetimen daga banki ku zauna da mutum biyu ku daidaita na baya, ki miƙa abin da ya rage a gaban shaidu. In kun dawo hutu ku je ofishin kula da harkokin ɗalibai ku yi rijistar ƙungiyar, ku samu malami ɗaya ya zama uban ƙungiya, da wannan takardar ake buɗe akawun da sai mutum biyu sun sa hannu, kuma ita ce za ta sa mai gadin asibiti da shugabar gidan marayu su san da wa suke magana. In rijistar ta yi muku nauyi ku shiga ƙarƙashin kwamitin walwala na MSSN ko Red Cross ta makarantarku, ba aibi ba ne, lada ba ya bin sunan ƙungiya.

Gidan marayu ba zan daɗe a kansa ba. Ranar Sallah da kwana biyu bayanta gidajen nan cike suke da baƙi, biskit da lemo da alewa har su yi yawa, wata biyu bayan nan kuma shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. In ɗinki kuka yi niyya, kin san tela ba ya karɓar kaya in azumi ya raba, sai dai ku sayi ɗinkakku, kuma ku kira ma'aikatan gidan ku tambayi shekarun yaran da abin da ya ƙare musu, sau da yawa za ki ji sabulu ne da omo da famfas da takalmin makaranta. A aika musu kayan kafin ki tafi, ziyarar kuma ku ɗage ta sai kun dawo, ku mayar da ita duk Asabar ɗin ƙarshen wata ku zauna ku yi musu karatu da lissafi. Aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne, wannan ma hadisi ne ingantacce daga Nana A'isha. Kuma dan Allah ban da hoton fuskar yaran nan ko ta marasa lafiya a sitatus. In masu ba da kuɗi suna son shaida a ɗauki kayan da rasit. Yaron nan zai girma, intanet ba ta mantuwa.

Sai karatu, kuma ina so ki ɗauko biro mu yi lissafin tare don na ga kamar kina kauce wa kallonsa. Daga 3.8 bayan simesta uku zuwa 3.2 bayan simesta biyar, in yunit ɗin kusan ɗaya ne, ma'anarsa a simesta biyun nan abin da kika samu bai wuce 2.3 ba. Ke da kike jera A da B. Wannan ba ƙwaƙwalwa ce ta ragu ba, lakca ce aka bari aka tafi kasuwa, kuma jami'o'i da yawa suna da dokar sai ka halarci kashi 75 cikin ɗari kafin ka zauna jarabawa. A ma'aunin 5.0, daga 3.50 ake shiga mataki na biyu na sama, wato 2:1, wanda shi ake fara tambaya wajen sikolashif da digiri na biyu da ayyuka da yawa. In kos ɗinki na shekara huɗu ne saura miki simesta uku, kuma sai kin riƙa samun 4.0 a kowacce kafin ki koma 3.50. Za ki iya, kusa da haka kike samu a da. Amma in kika bari wannan simestar ma ta tafi a 3.0, toh biyun ƙarshe sai kin yi 4.5 a kowacce, ga furojet, ga keri-oba biyu da za su ƙara miki lodi kuma wataƙila lokacin lakcarsu ya yi karo da na ajinki. Kuma kin san bayan yajin aikin ASUU na 2022, wata takwas cur daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, jami'o'in gwamnati sun yi ta tseren cike giɓi, simesta a matse, ana dawowa hutu sai tes sai jarabawa. Saboda haka hutun nan ki tafi da handawut ɗin kwasa-kwasan nan biyu, bayan asuba kafin gida ya tashi ki ba su awa biyu kullum. Kafin ki tafi kuma ki ga lebul kodineta ɗinku, malamin da ke kula da ajinku, ki tabbatar an yi miki rijistarsu daidai. Talakan da ke kwance a barandar asibiti zai fi amfana da ke in kin fito da sakamako mai kyau kin samu abin yi, kina ciyarwa shekara talatin daga aljihunki.

Kinga ashe Abba suna da gaskiyarsu tun ba su ga sakamakon ba. Uba yana jin abu a muryar 'yarsa.

Dole ki faɗa musu. Ba a waya ba, kuma ba ranar da kika sauka ba. Ki bari ki kwana biyu, su gan ki a kicin, su gan ki kina haɗa musu kayan shan ruwa. Ki fara da Umma a ɗaki, a hankali saboda jininta, ki ce mata akwai kwas biyu da za ki maimaita kuma kin san dalili kuma kin gyara. Sannan ki samu Abba bayan sun dawo tarawi sun huta, ki durƙusa ki gaishe su, ki ce "Abba na zo ne in ba ku haƙuri, maganar da kuka yi gaskiya ce, aikin nan ya taɓa min karatu, ga sakamakona, ga kuma abin da na yi a kai." Ki ajiye musu littafin lissafin su gani da idonsu, sunayen waɗanda suka bayar da buhunan da aka saya da wadda kika miƙa wa ragamar. Za su yi faɗa, ki yi shiru ki saurara, kar ki kare kanki a daren. Iyaye da yawa ba alherin suke ƙi ba, abin da ba su gani ba suke tsoro, wa take bi, ina take zuwa, da wa take dawowa da daddare. In kin san akwai kawu ko gwaggo da Abba suke jin maganarsu, kina iya roƙonsu su zauna a wurin. Bayan Sallah in kin ga fuska ta saki sai ki nemi abu ɗaya tak, izinin ci gaba da aikin rana ɗaya a sati da sharaɗin in sakamako bai tashi ba ki ajiye. In sun ce a'a ki ajiye ɗin har ki gama, ki riƙa ba da ɗan abin da kike da shi da shawara daga nesa.

Kuma ba zaman banza za ki je yi gida ba. Gida bai ƙoshi ba ba a kai wa dawa. Mace mai hawan jini tana azumi tana tsaye kan wuta a zafin nan, ga aikin goman ƙarshe, ga soye-soyen Sallah, ga baƙi, wannan ita ce mai jinyar da ba ta da mai kawo mata kunu in ba ke ba. Ki karɓi kicin ɗin gaba ɗaya. In akwai ƙani ko ƙanwa mai shirin JAMB ko WAEC ki zauna da su. Zakkar fidda kai ta gidanku, sa'i ɗaya kan kowane mutum, mudun Annabi huɗu, ki ce wa Abba ke da ƙannenki za ku auna ku kai, ke da kika saba gane mabuƙacin da ba ya roƙo, a layinku ma akwai bazawara mai marayu da ba ta cikin lissafin kowace ƙungiya. Garinku ma ai akwai asibiti, in Abba sun yarda ki ja ƙaninki ku kai ƙunshin sahur goma, wataƙila ma su ce a ɗauka a motarsu.

Ki rubuto min bayan Sallah ki gaya min wa kika ba littafin da yadda kuka yi da Abba. Ki gaishe min da Umma da jiki, kuma kina isa ki duba ko tana shan maganinta, don da yawa suna ajiye shi da azumi ba tare da sun tambayi likita ba. In akwai na'urar awon jini a gida ki riƙa auna ta kina rubutawa, in babu ki raka ta kemis ko asibiti a auna, a kuma tsara mata lokacin shan maganin tsakanin shan ruwa da sahur.